Gardamar Hankali da Wahayi a Ƙasar Ingila

A cikin shekara ta 1697 mutanen Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, suka taru suna kallon hauni yana ƙona wani littafi a fili, bisa umurnin Majalisar Dokoki. Mai littafin, wani matashi wai shi John Toland, da ya ji ana shirin kama shi, sai ya tsallaka teku ya gudu Ingila. Laifinsa kuwa shi ne ya rubuta cewa babu kome cikin addinin Kirista na ainihi wanda ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam, duk abin da a ke kira asiri limamai ne suka ƙara daga baya. A farkon wannan shekara kuma, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotland, aka rataye wani ɗalibi mai shekara 20, Thomas Aikenhead, don ya yi wa Littafi Mai Tsarki ba'a. Shi ne mutum na ƙarshe da aka kashe a Birtaniya saboda irin wannan laifi.

To, wuta ta cinye takarda, igiya ta ɗauke ɗalibi, amma tambayar da ta jawo abin tana nan daram. Tambayar ita ce: in dai Allah ya ba mutum hankalin da zai san Mahaliccinsa, ya rarrabe nagari da mugu, to, ina bukatar wahayi, da annabawa, da littafi? Malaman Kirista na Ingila sun yi shekara wajen 50 suna amsa wannan tambaya. Sun ci nasara a zamaninsu, amma nasarar ta zo musu da abin da ba su zata ba.

Mafarin Gardama

Ruwa ba ya tsami banza. Turai ta yi shekara fiye da 100 tana zub da jini saboda saɓanin addini tsakanin Katolika da Furotesta. Yaƙin da aka yi a ƙasar Jamus kaɗai ya ci shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. A Ingila ma yaƙin basasa ya tashi cikin 1642, har aka sare wa Sarki Charles na Ɗaya kai cikin 1649, rigimar addini kuwa tana cikin manyan abubuwan da suka hura wutar. Kowane ɓangare yana riƙe da littafi ɗaya, kowa na cewa shi ke kan gaskiya. Ga kuma matuƙa jiragen ruwa suna komowa da labarin mutanen Sin da na Hindu da na Amurka, waɗanda ba su taɓa jin Linjila ba, amma suna da shari'a da ladabi. Sa'an nan cikin 1687 Isaac Newton ya nuna cewa wata da taurari suna tafiya bisa ƙa'ida ɗaya wadda a ke iya lissafawa. Sai waɗansu suka fara cewa a ransu, ashe halitta ita kanta littafi ce a buɗe, wadda kowa ke iya karantawa ba tare da limami ba.

Wanda a ke ɗauka shi ne kakan wannan ra'ayi wani basarake ne, Edward Herbert, jakadan Ingila a Faransa. Cikin 1624 ya buga littafi a birnin Faris, inda ya ce akwai abu 5 da Allah ya dasa a zuciyar kowane mutum: akwai Ubangiji Maɗaukaki, ya wajaba a bauta masa, kyakkyawan hali da tsoron Allah su ne jigon bauta, wanda ya yi zunubi ya tuba, akwai sakamako bayan mutuwa. Abin dariya, shi da kansa ya ba da labari cewa da ya rasa ko ya buga littafin ko ya bari, sai ya durƙusa a ɗakinsa ya roƙi Allah alama, ya kuwa ji wata ƙara daga sama, alhali babu ko girgije. Abokan gardama ba su manta masa da wannan ba. Suka ce, ga mai shakkar wahayin da aka yi wa duniya ya gaskata wanda aka yi masa shi kaɗai.

Mabiyan wannan hanya Turawa suka sa musu suna Deist, daga kalmar Latin Deus, watau Allah. Da Hausa sai a ce da su 'yan hankali-ya-isa. Ba su musun akwai Allah, yawancinsu ma sun yarda da lahira. Abin da suka ƙi shi ne a ce Allah ya keɓe wata al'umma ya yi mata magana, ya bar sauran duniya cikin duhu. Cikin 1695 dokar da ta hana buga littafi sai da izini ta faɗi, Majalisa ba ta sabunta ta ba. Daga nan bakin kowa ya buɗe.

Malaman Coci Sun Ɗauki Alƙalami

Sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Masu hangen nesa cikin malaman coci suka gane ƙona littafi ƙara masa kasuwa ya ke yi, sai suka yarda a yi karon a fagen da abokan gaba suka zaɓa, watau fagen hujja. Robert Boyle, shahararren masanin haɗa magunguna da binciken iska, wanda ya rasu cikin 1691, ya bar wasiyyar fam 50 kowace shekara, a riƙa ba wani malami ya yi wa'azi 8 a Landan don kāre addinin Kirista daga masu musunsa. Wanda ya fara, cikin 1692, shi ne Richard Bentley, ya kuwa kafa hujjojinsa da lissafin Newton.

Hanyar farko da suka bi ita ce ta shaidu. Wani limami mutumin Ailan, Charles Leslie, ya rubuta ɗan ƙaramin littafi dab da shekara ta 1700, ya kawo sharaɗi 4 na gane labarin gaskiya. Na farko, abin ya zama irin wanda ido ke gani, kunne ke ji. Na biyu, a yi shi a bainar jama'a. Na uku, a kafa wata alama ko al'ada don tunawa da shi. Na huɗu, al'adar ta soma tun daga lokacin da abin ya auku. Ya ba da misali da Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Ya ce ba shi yiwuwa wani ya ƙago labarin fitowa daga Masar bayan shekaru aru-aru, sa'an nan ya sa al'umma guda ta yarda cewa tun kaka da kakanni tana yin idin da ba ta taɓa yi ba.

Cikin 1713 wani attajiri mai ilmi, Anthony Collins, abokin John Locke, ya kawo wata suka. Wani malamin Oksfod, John Mill, ya gwada tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari na harshen Girka, ya sami wurare wajen 30,000 inda suka saɓa wa juna. Collins ya ce, ina tabbas ga littafin da ya ke haka? Bentley ya ba shi amsa da abin da duk mai kwafin littafi da hannu ya sani. Ya ce kowane magatakarda yana kuskure, amma ba su yin kuskure a wuri ɗaya. Saboda haka yawan kwafi shi ke kawo yawan saɓani, shi ne kuma ke ba da damar gyara. Littafin da ya rage da kwafi ɗaya tak babu saɓani a cikinsa, amma babu yadda za a gane ɓarnarsa.

Daga 1727 zuwa 1729 Thomas Woolston, tsohon malamin Kambirij, ya fitar da ƙasidu 6 yana yi wa mu'ujizojin Almasihu shaguɓe, yana cewa misalai ne kurum, ba abin da ya auku ba. Hukuma ta kai shi gaban shari'a, aka yanke masa ɗaurin shekara 1 da tarar fam 100. Bai iya biya ba, yana tsare har ya mutu cikin 1733. Nathaniel Lardner, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tattara shaidun marubutan dā a kan Linjila, ya mayar wa Woolston da martani, amma ya faɗa a fili cewa ɗaure shi kuskure ne, domin addinin da ke da hujja ba ya bukatar kurkuku.

Amsar da ta fi shiga jama'a ita ce ta Thomas Sherlock, cikin 1729. Ya tsara littafinsa kamar zaman kotu: ga alƙali, ga lauya ta kowane gefe, ga masu taya alƙali yanke hukunci. Waɗanda a ke tuhuma su ne almajiran Almasihu, ƙarar kuwa ita ce sun yi shaidar zur da suka ce ya tashi daga kabari, abin da ya ke shi ne ginshiƙin imanin Kirista. Lauyan ƙara ya ce abin ya saɓa wa yadda duniya ke tafiya. Lauyan kāriya ya ce mutumin ƙasar zafi, wanda bai taɓa ganin kogi ya daskare ba, shi ma haka zai ce in an ba shi labari, amma rashin ganinsa bai mai da labarin ƙarya ba. Ya ƙara da cewa mai shaidar zur riba ya ke nema, waɗannan kuwa ba abin da suka samu sai duka da kisa. Aka wanke almajiran. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, ko da ya ke masu suka sun lura cewa alƙalin da lauyoyin duka alƙalami ɗaya ya haife su.

Babban Hari

Cikin 1730 wani tsoho da ya haura shekara 70, Matthew Tindal, masanin shari'a a Oksfod, ya fitar da littafin da ya tattara ƙarfin 'yan hankali-ya-isa wuri ɗaya. Ma'anar sunan littafin ita ce, addinin Kirista sa'an halitta ne. Ga yadda hujjarsa ta ke. Allah cikakke ne, ba ya sākewa, ba ya son kai. Saboda haka dokar da ya ba ɗan Adam tun farko cikakkiya ce, kuma kowa na iya saninta a kowane zamani. To, in wahayi ya zo da abin da hankali ya riga ya sani, maimaici ne. In kuwa ya zo da ƙari, ƙarin ba daga Allah ya ke ba. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a duniya. Malaman tauhidi na Musulmi sun daɗe da sanin irinta, suna jingina ta ga waɗansu mutane da suka kira Barahima, Shaharastani ma ya kawo ta cikin littafinsa na addinai a ƙarni na 12.

Littattafai fiye da 100 aka rubuta don amsa wa Tindal, domin ya taɓa inda shaidu ba su da amfani. In tun farko bai dace Allah ya yi wahayi ba, to, ko shaidu dubu aka kawo aikin banza ne. William Law, cikin 1731, ya tare shi ta wajen tushe. Ya ce Tindal yana magana kamar ya san abin da ya dace da Allah da abin da bai dace ba, alhali mutum bai san ko yadda ransa ke haɗe da jikinsa ba. Kuma abin da Tindal ke kira hasken hankali, yawancinsa a bakin iyaye da malamai aka koya, kamar yadda a ke koyon harshe.

Limamin da Aka Binne da Rai

Amsar da ta fi kowace nauyi ta fito daga hannun Joseph Butler. An haife shi cikin 1692 a garin Wantage, ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Tun yana ɗan shekara 21 ya ke aika wa Samuel Clarke, babban malamin zamanin, wasiƙu yana nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni. Cikin 1725 aka ba shi limancin Stanhope, wani gari can arewacin Ingila cikin duwatsu, ya zauna shiru yana nazari. An ce wata rana Sarauniya Caroline ta tambayi wani babban limami ko Butler ya mutu ne, shi kuwa ya amsa mata da cewa bai mutu ba, binne shi dai aka yi. Cikin 1736 littafinsa ya fito, sunansa da Hausa Ƙiyasin Addini. A gabatarwa ya yi kukan cewa mutane da yawa sun daina ko binciken addinin Kirista, sun ɗauka an riga an gano tatsuniya ce.

Butler bai zagi kowa ba, bai ko ambaci sunan Tindal ba. Ya fara daga abin da shi da abokan gardamarsa suka yarda da shi, watau Allah ne ya halicci duniya, shi ke tafiyar da ita. Sa'an nan ya ɗauki sukarsu ɗaya bayan ɗaya ya gwada ta da halitta. Sun ce Allah mai adalci ba zai ba wata al'umma wahayi ya hana wata ba. Butler ya ce su duba yadda aka raba lafiya, da basira, da ƙasa mai albarka, ko an raba daidai? Magungunan cututtuka ma suna nan cikin halitta, amma an yi zamanai ba a san su ba, har yanzu kaɗan ne suka sani. Sun ce ba daidai ba ne marar laifi ya sha wuya saboda mai laifi, kamar yadda Kirista ke faɗa game da Almasihu. Ya ce kullum haka ke faruwa a duniyar nan, ɗa na shan wuya saboda ɓarnar ubansa, wani na tsira ta wahalar wani. Sun ce Allah ba ya bukatar matsakanci. Ya ce ai babu wanda ya zo duniya, ko ya girma, sai ta hannun waɗansu. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Duk abin da suka hango cikin Littafi suna tsaye a kan irinsa cikin halitta. Saboda haka in wannan wahala ta isa a ce Littafi ba na Allah ba ne, ta isa a ce duniya ma ba tasa ba ce.

Ya kuma ce ɗan Adam kamar wanda ke leƙen babban aiki ne ta ƙaramar kafa, gefe ɗaya ya ke gani, bai isa ya yanke hukunci a kan dukansa ba. Bai yi alkawarin yaƙini ga kowa ba. Abin da ya ce shi ne zato mai rinjaye ke ja-gorar mutum cikin dukan harkokinsa. Haka kuwa abin ya ke, gama manomi yana zuba iri ba da tabbacin damina ba, falke yana ɗaura kaya ba da tabbacin riba ba, ba kuwa mai ce musu wawaye. To, in mutum na aiki da rinjayen zato a kan abin cikinsa, don me zai ce sai ya sami yaƙini tukuna a kan al'amarin lahirarsa?

'Yan hankali-ya-isa ba su kawo wata amsa mai ƙarfi ga wannan ba. Aka naɗa Butler Bishop na Biristol cikin 1738, na Durham cikin 1750, ya rasu cikin 1752. Da John Leland ya tattara tarihin gardamar cikin 1754, kamar mai ƙirga ganima ya ke bayan an tashi daga yaƙi. Cikin 1790 Edmund Burke ya yi tambaya ko akwai wanda aka haifa cikin shekara 40 da suka wuce da ya karanta ko kalma ɗaya ta Collins ko Toland ko Tindal.

Takobi Kaifi Biyu

Amma fa hujjar Butler takobi ce, kaifi biyu gare ta. Tana cin wanda ya yarda da Mahalicci mai adalci ya ƙi wahayi. Wanda ya ce shi ya haƙura da duka biyun, ba ta da abin da za ta yi masa. Butler ya rushe zauren da ke tsakiya, ya bar mutum ko ya shige cikin gida ko ya fita waje, waɗansu kuwa waje suka fita. John Stuart Mill ya ba da labarin ubansa, James Mill, cewa littafin Butler ya riƙe shi cikin imani na ɗan lokaci, daga baya da ya ƙara tunani sai ya ga wahalar da ke cikin halitta ta hana shi tabbatar da kome game da asalin duniya. Can a Amurka kuma reshe ya juye da mujiya. Benjamin Franklin ya ce yana yaro ɗan shekara 15 ya karanta waɗansu littattafan raddi, sai ya ga maganar 'yan hankali-ya-isa da aka kawo don a rushe ta fi raddin ƙarfi, ya zama ɗaya daga cikinsu.

David Hume, mutumin Sikotland, yana girmama Butler ƙwarai, har ya cire babin mu'ujiza daga littafinsa na farko don kada ya ɓata masa rai. Amma cikin 1748 ya fitar da babin, ya ɗauki ma'aunin nan na rinjayen zato ya auna shaidun Sherlock da shi. Ya ce a sa kuskuren shaidu a gefe ɗaya, karyewar ƙa'idar halitta a gefe ɗaya, a ga wanda ya fi saurin aukuwa. Bai ƙyale 'yan hankali-ya-isa ba su ma. Cikin 1757 ya kawo hujja cewa mutanen farko gumaka da yawa suka bauta wa, saboda tsoro da bege, ba Allah ɗaya ta hanyar tunani ba. Ra'ayin da ya mutu a Ingila kuwa ya tsallaka ya yi toho a wani wuri. Voltaire, wanda ya zo zama Ingila cikin 1726, ya yaɗa irinsa a Faransa, aka juya littafin Tindal da Jamusanci cikin 1741, Thomas Paine kuma ya kai shi ga talakawa cikin 1794.

Akwai kuma abin da hujja ba ta iya yi ba ko kaɗan. Masu haƙar gawayi na kewayen Biristol ba su karanta Tindal ba, balle Butler. Ɗaya daga cikin waɗanda suka motsa su shi ne John Wesley, da ya fara wa'azi a filin Allah cikin 1739, yana kiran mutane su tuba su ji gafara a zuciyarsu. A wannan shekara suka gana da Butler, Bishop ɗin garin. Butler ya gaya masa cewa da'awar samun wahayi na musamman mugun abu ne ƙwarai, ya shawarce shi ya bar yankinsa. Wesley bai bari ba. Mutumin da ya fi kowa kāre wahayin da aka yi a zamanin dā, shi ne ya tsorata da ya ga alamar mutane na neman irinsa a zamaninsa.

Duk da haka aikin malaman nan bai faɗi ƙasa banza ba. William Paley ya tattara hujjojin Lardner da na sauransu cikin littafi ɗaya a 1794, ɗaliban Kambirij suka yi ta jarrabawa a kansa har 1920. William Gladstone, wanda ya yi Firayim Ministan Birtaniya sau 4, ya zauna da tsufansa ya shirya littattafan Butler aka sāke buga su cikin 1896. Binciken tsofaffin kwafe-kwafe da auna shaidun tarihi, waɗanda Bentley da Lardner suka yi don kāriya, sun zama fannonin ilmi masu zaman kansu, masu imani da marasa imani duka suna aiki da su.

Abin da ya fi girma shi ne sauyin da aka samu tsakanin 1697 da 1736. A farkon gardama hauni aka kira, a ƙarshenta kuwa babban malamin coci ne ya zauna ya faɗi sukar abokan gabansa da ƙarfinta, ya amsa abin da ya iya, ya yarda cewa yaƙini ya fi ƙarfinsa. Wanda ya yarda a auna addininsa da ma'aunin hankali ya yarda ke nan wani ya zo bayansa ya sāke awo, Butler kuwa ya san haka sa'ad da ya ɗauki alƙalami.